Ikorodu, Epe, Badagry Ko Agege: Ina Ya Kamata A Gina Wa Dattawanmu Gida A Legas?

Duk wanda ya daɗe a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ya san irin dattijon da nake nufi. Ya zo Ikko da ƙuruciyarsa a jirgin ƙasa ko a bayan motar shanu, ya yi dakon goro ko gadi ko sayar da tumatir har shekara arba'in, yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, ɗakin da yake haya kuma mai gidan ya sayar wa masu gina bene. Idan ka ce masa ya koma Arewa sai ya yi shiru, domin sa'o'insa na can yawanci sun riga mu gidan gaskiya, gonar gado kuma an daɗe da rabawa. Akwai wani da nake gaisarwa kullum bayan sallar asuba, wanda duk abin da ya mallaka yana bayan ƙofar masallaci: tabarma a naɗe, buta, da wata leda baƙa mai ɗauke da maganin hawan jini. Saboda irinsa, da kuma tsofaffin mata da mazajensu suka rasu ba su bar musu muhalli ba, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai suka fara maganar gina gidan dattawa.

Na san akwai masu jin kunyar wannan magana, suna ganin kai tsoho gidan gajiyayyu ba ɗabi'armu ba ce. Gaskiyarsu ne ga wanda yake da 'ya'ya masu hali, amma wanda ba shi da kowa, barinsa a barandar shago ya fi zama abin kunya a kanmu. Don haka na rubuta wannan ga wanda ya riga ya yanke shawarar yin aikin, ko shi kaɗai a matsayin waƙafi ko tare da jama'a, abin da ya rage masa shi ne zaɓen wuri. Wurare huɗu ne suka fi fitowa a bakin mutane: Ikorodu, Epe, Badagry, sai kuma masu cewa a sayi tsohon gida a cikin Agege a gyara.

Ma'aunan da ya kamata a fara ajiyewa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar inda fili ya fi araha. Wannan tambaya tana da muhallinta, amma ita ce ta biyar, ba ta farko ba.

Abu na farko shi ne asibiti, kuma da mintoci ake auna shi, ba da kilomita ba. Cututtukan tsufa da suka fi damun mutanenmu su ne hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon mafitsara da karaya bayan faɗuwa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sa'o'in farko su ne ke raba tsakanin mai miƙewa da mai kwanciya har ƙarshen rayuwa. Saboda haka a ɗauki mota daga bakin filin zuwa babban asibiti sau biyu, sau ɗaya da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, sau ɗaya da dare bayan an yi ruwa, a duba agogo. Idan ya wuce minti talatin, a ganina filin ya faɗi jarabawa komai kyansa.

Na biyu shi ne jama'a. Tsohon Bahaushe ba ɗaki kaɗai yake bukata ba. Yana bukatar masallacin da zai taka da sandarsa sau biyar a rana, da mai shayin da zai zauna wurinsa, da wanda zai ce masa "Baba, ina kwana" da harshen da ya tashi da shi. Tsohuwa kuma tana bukatar islamiyya, da gidan suna da na biki, da inda za ta samu dawa ko gero ta dama kunu. A nan ne kuma maganar maƙabarta take shigowa, domin mu ba ma jinkirta jana'iza, kuma bai dace a ce sai an ratsa cunkoson Legas na awa uku da gawa ba. A tambayi limamin unguwar tun kafin a biya kuɗi: ina kuke kai mamatanku, kuma za a karɓi namu?

Na uku shi ne ƙasar kanta da ruwa. Damina a Legas kashi biyu ce: mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, sai ɗan sauƙi a Agusta, sai ta dawo a Satumba da Oktoba. Mu kanmu mun taɓa zuwa duba wani fili a watan Janairu, ƙasa a bushe ƙayau, dillali yana ta rantsuwa cewa ruwa bai taɓa kwanciya a wurin ba. Allah ya sa wani dattijo cikinmu ya ce a dakata sai damina. Da muka koma a Yuli sai da muka tattare wando zuwa gwiwa, kuma a katangar maƙwabci muka ga wani layi kore na gansakuka wanda ya kai ƙugun mutum, alamar inda ruwan bara ya tsaya. Tun daga ranar nake cewa katangar maƙwabta ta fi dillali faɗin gaskiya. Gidan dattawa dole ya zama na ƙasa ba bene ba, don haka babu inda za a gudu da su idan ruwa ya shigo. Fili mai dausayi kuma yana cin kuɗi ninki a fandisho da ciko.

Na huɗu shi ne takardu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma a Legas akwai manyan yankuna da gwamnati ta riga ta karɓe. Abin da iyalan gari ke da ikon sayarwa shi ne wanda gwamnati ta yanke ta mayar musu kuma aka buga shi a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Kafin a ba da ko sisi, a ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauki ma'aunin filin, a kai ofishin babban safiyon jiha a tabbatar ba ya cikin abin da gwamnati ta ware wa hanya ko wani aiki. Idan filin yana da takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O, to sayensa bai kammala ba sai an samu amincewar gwamna a kan cinikin. Bayan haka akwai izinin gini daga LASPPPA, hukumar jihar Legas mai ba da wannan izini. Akwai kuma 'yan omonile, masu zuwa karɓar kuɗin fandisho da na rufi da na katanga. Jihar ta yi dokar hana ƙwacen filaye a 2016, amma ba ta kawar da su gaba ɗaya ba. Shawarata ita ce a rubuta filin da sunan amintattun ƙungiya masu rajista, kada a sa sunan mutum ɗaya komai amanarsa, domin ranar da ya rasu magada ba su san da waƙafi ba.

Sai na biyar, kuɗi, wanda ya haɗa da farashin fili, da gini, da abin da za a riƙa kashewa kowane wata a wuta da ruwa da mota. A lura cewa fuloti a Legas ba girmansa ɗaya ba: cikakken fuloti ƙafa 60 ne a 120, kimanin murabba'in mita 669, amma wasu masu sayarwa ƙafa 50 a 100 suke kira fuloti. Gidan ƙasa mai ɓangaren maza da na mata, da ɗan masallaci, da kicin, da tsakar gida inda za a sha iska, zai so fuloti biyu aƙalla.

Ikorodu

Ikorodu ta wuce a kira ta ƙaramin gari yanzu, amma gefunanta kamar Ijede, Imota da Agbowa har yau suna da yanayin ƙananan garuruwa. Babbar fa'idarta ita ce kusanci da Mile 12, inda dubban mutanenmu ke neman abinci. Tun 2015 manyan motocin bas na BRT ke zirga-zirga tsakanin Ikorodu da Mile 12 a kan layinsu na musamman, don haka ɗan kasuwa zai iya tashi daga rumfarsa da la'asar ya je ya duba tsohonsa ya dawo. Akwai kuma jirgin ruwa daga Ebute zuwa cikin Ikko. A unguwar Sabo akwai Hausawa da masallatansu da kasuwar da za a samu kayan miya irin namu.

Ta fuskar lafiya ma ba ta da laifi. Akwai babban asibitin Ikorodu, akwai na Ijede, akwai na Agbowa, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinsu hanyar zuwa asibitin Gbagada ko asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja ba ta kai ta sauran garuruwan nisa ba.

Haɗarinta yana wurare biyu, kuma duka biyun ana iya kauce musu idan an buɗe ido. Na farko ruwa: yankin da ke tsakanin Mile 12 da Ikorodu, wato Owode, Ajegunle, Agiliti har zuwa Majidun, yana bakin kogin Ogun ne, kuma duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan da ke jihar Ogun, waɗannan unguwanni ne ke fara shan wahala. Filin da ke can zai ja hankali saboda kusanci da kasuwa, amma ban yarda a ajiye tsoho mai sanda a wurin ba. Na biyu hayaƙi: a kan hanyar Ikorodu zuwa Sagamu, wajen Odogunyan da Ogijo, akwai masana'antun narka ƙarfe, kuma iskar wurin ba ta dace da mai tari ko asma ba. Abin da ya rage shi ne tudun da ke cikin gari da kuma ɓangaren Ijede da Imota, inda ƙasar ja ce mai ƙarfi, fandisho ba ya cin kuɗi sosai. Imota ta ƙara daraja tun da aka buɗe katafaren injin casar shinkafa a 2023, kuma gwamnati ta daɗe tana maganar mayar da kasuwar Mile 12 can. Idan hakan ta tabbata jama'armu za su bi kasuwar, amma kada a gina lissafi a kan abin da bai faru ba. Haka ma gadar nan ta huɗu da aka ce za ta haɗa Ikorodu da Lekki, wadda dillalai ke yawan ambata don ɗaga farashi, har yau ba a gina ta ba. Rigimar omonile a Ikorodu sananniya ce, don haka a nan ne aka fi bukatar lauya tun ranar farko. Farashin fili matsakaici ne: cikin gari da tsada, yana sauka yayin da ake nisa zuwa Agbowa.

Epe

Idan natsuwa ake nema, Epe ce kan gaba. Gari ne a bakin ruwa amma a kan tudu yake, iskarsa mai kyau, kifi kuma ga shi nan a kasuwar Oluwo. Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikinsa, musamman tun zuwan Kosoko, sarkin Ikko da aka tumɓuke, da mutanensa a 1851, kuma har yau suna bikin Kayokayo a farkon shekarar Hijira. Tsoho ba zai rasa kiran salla ba, ba kuma zai ji shi bare ne a addini ba, sai dai yawancin sahun Yarbawa ne, Hausawan garin ba su kai na Ikorodu yawa ba, balle na Agege. Garin yana da babban asibitinsa, kuma Ijebu-Ode ba ta da nisa.

Matsalar Epe ita ce nisa da kuma abin da ke tahowa. Daga Agege ko Mile 12, ko ta hanyar Ikorodu da Itoikin aka bi ko ta Lekki, tafiya ce da ke cinye yini idan aka haɗa zuwa da dawowa. Ziyarar da aka yi niyyar yi duk Juma'a za ta koma ta wata-wata, daga nan ta koma ta salla-salla, kuma wannan shi ne abin da na fi ji wa tsoro. Sannan tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote a 2023, manyan motoci sun yawaita a hanyoyin yankin, kamfanonin sayar da filaye kuma sun yi wa Epe rubdugu. Farashi ya tashi, kuma da yawa daga filayen da ake tallatawa da hotuna masu kyau suna cikin daji ne, nesa da asibiti, babu wuta babu maƙwabci, wasu ma takardarsu ba ta fito ba, sai a ce maka "tana hanya". Wanda zai sayi fili a Epe don dattawa, ya saya a cikin gari inda mutane ke zaune, ko da zai biya ninki.

Badagry

A mafi yawan lokuta a nan ne fili ya fi sauƙin kuɗi, kuma garin a kwance yake, babu hayaniya. Yana da babban asibiti, yana da Hausawa saboda kasuwancin kan iyakar Seme, kuma yana kan hanya ɗaya da Ojo da Alaba Rago. Amma ƙasar rairayi ce a shimfiɗe, ruwa yana kusa da sama, don haka ana bukatar ɗaga fandisho, kuma masai da rijiya suna son kulawa ta musamman don kada su haɗu. Ruwan rijiyar burtsatse a yankunan bakin teku sau da yawa yana fitowa da ja-ja ko ɗan gishiri, sai an sa masa matata. Iskar teku kuma tana cin ƙarfe: kwanon rufi, ƙyauren ƙofa da tagogi duk suna tsatsa da wuri, sai dai a yi amfani da alminiyam, wanda ke ƙara kuɗin gini. Hanyar Legas zuwa Badagry an daɗe ana faɗaɗa ta, jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a 2023 kuma a Mile 2 ya tsaya, ga shingayen jami'an tsaro saboda kan iyaka. Ga marar lafiyar da aka tura asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja cikin dare, wannan hanya doguwa ce ƙwarai.

Tsohon gida a Agege

Agege ba ƙaramin gari ba ce, amma dole a sa ta a ma'auni domin ita ce zuciyar Hausawan Legas tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa. Akwai Sarkin Hausawa, akwai Zango, akwai masallatai a kowane lungu, akwai maƙabartar Musulmi, ga Markaz ta Shehu Adamu Al-Ilori, ga mayankar Oko-Oba inda mutanenmu da yawa ke aiki. Asibitin Orile-Agege yana nan, na koyarwa da ke Ikeja kuma yana kusa. Jirgin Legas zuwa Ibadan da ya fara a 2021 yana tsayawa a Agege, haka ma jirgin cikin gari na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024. A ma'aunin asibiti da na jama'a babu wurin da ya kama ƙafarta.

Sai dai fili babu, sai tsofaffin gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna da dogon lungu a tsakiya, kuma kuɗin guda ɗaya zai iya sayen fuloti da yawa a Badagry. Irin waɗannan gidaje yawanci na gado ne, magada da yawa, kuma idan ɗaya bai sa hannu ba shari'a ce ke jiranka. Gyaransu ma aiki ne: a faɗaɗa ƙofofi su kai santimita 90 don keken guragu, a cire dakalin bakin ƙofa a yi gangare mai sauƙi wanda kowane tashi na mita ɗaya zai samu tsawon mita 12, a sa masai na zama da ƙarfen riƙewa, a cire tayil mai santsi. Ga hayaniya da hayaƙin janareto da ƙarancin iska. Mutum takwas ko goma gidan zai ɗauka, kuma babu wurin ƙari.

| Ma'auni | Ikorodu (tudu) | Epe (cikin gari) | Badagry | Agege |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Matsakaici | Matsakaici, yana hawa | Mafi sauƙi | Mafi tsada |
| Asibiti | Kusa, guda uku a yankin | Akwai, manyan na nesa | Akwai, manyan na nesa sosai | Mafi kusa |
| Jama'ar Hausawa | Da yawa | Kaɗan | Matsakaita | Mafi yawa |
| Ƙasa da ƙarkon gini | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi | Rairayi, tsatsa | Tsohon gini, sai gyara |
| Sauƙin ziyara | Mai sauƙi | Mai wuya | Mai wuya, sai daga Ojo | Mafi sauƙi |
| Babban haɗari | Omonile, ambaliya a kwari | Filin da ba takarda | Ruwa da nisa | Rigimar magada |
| Wurin faɗaɗawa | Akwai | Akwai sosai | Akwai sosai | Babu |

Wane wuri ga wace bukata

Idan dattawan da ake son taimakawa sun riga sun raunana, masu zuwa asibiti duk mako ko masu wankin ƙoda, kuma ba su wuce goma ba, to a nemi gida a Agege ko kusa da ita, a haƙura da tsadar. Kuɗin da za a ce an rage a fili mai nisa zai ƙare ne a man mota, wataƙila ma a rasa rai a kan hanya.

Idan ƙungiya ce ta 'yan Mile 12 ko Ketu mai son ɗaukar mutum ashirin zuwa talatin, da niyyar ƙara ɗakuna a hankali yadda gudummawa ke shigowa, Ikorodu ce zaɓina, da sharaɗin fili ya kasance a kan tudu, an gan shi a watan Yuli, kuma an auna mintocinsa zuwa asibiti. Ita ce ta fi daidaita tsakanin kuɗi da kusanci, shi ya sa nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu wannan niyya.

Epe ta dace da mai hali guda ɗaya ko gidauniya mai ƙarfi, wadda za ta iya ajiye mota da direba da ma'aikacin jinya a cikin gidan, ta kuma kai dattawan a rukuni, mutanen da suka san juna tun a kasuwa, don su zame wa juna jama'a. Ta fi kyau ga masu sauran ƙarfi da za su ji daɗin ɗan lambu da kiwon kaji.

Badagry kuwa ta mutanen Alaba Rago da Ojo da Okokomaiko ce, waɗanda 'ya'yansu da abokan sana'arsu ke kan wannan hanya. Su ne kaɗai nisan ba zai raba su da tsofaffinsu ba, kuma su ma su ware kuɗin matatar ruwa da rufin alminiyam tun a lissafin farko. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a ɗauki biyu ko uku daga cikin dattawan da za su zauna a gidan, maza da mata, a kai su wurin, a bar su su taka daga bakin filin zuwa masallaci mafi kusa, a ga ko za su iya.